Hular Da Ta Kusa Hana Suna

Tun da na dawo daga wurin ƙanena Sabi'u ban huta da tambaya ba. Mutum zai kawo wankin hula ɗaya tal, ya baje a kan benci ya ce, "Malam Garba, wai da gaske ne an nuna ka a talabijin ɗin Turawa?" A masallaci ana sallamewa wani zai matso. Daga ƙarshe malaminmu na ajin manya, wanda muke yi bayan la'asar, ya ce tunda hannuna ya faɗa da rubutu, in zauna in rubuta, kowa ya karanta, bakina ya huta. To ga shi. Wanda bai iya karatu ba ya zo ajin, akwai sauran wurin zama.

Ni wankin hula nake yi a Mandawari. Sabi'u shi ne autanmu, ya daɗe a Turai yana tuƙa bas ta cikin gari. Ya roƙe ni kada in faɗi sunan garin, wai abin da na jawo masa ya isa haka. Shi da matarsa Hajara sun daɗe ba su samu haihuwa ba, har dangi suka gaji da yi musu addu'a a fili suka koma yi da su a ɓoye. Da Allah ya kawo rabo, sai ya bugo waya ya ce, "Yaya, Baba ba ya raye, kai ne ubana. In ba ka zo ka tsaya a sunan nan ba, wa zai tsaya?" Na ce in dai Turawa za su bari, ina tafe.

Neman biza ya kai ni Abuja. Wata mata a bayan gilashi ta sa aka tambaye ni ko in na je zan dawo. Na ce hulunan mutane na rataye a igiya, wa zan bar wa? Ban sani ba ko amsar ce ta yi aiki ko takardun da Sabi'u ya aiko, amma an buga mini.

Ana jin zan tafi, gida ya zama tasha. Matata Binta ta daka yajin jego. Gwaggo ta aiko da kanwa don kunun mai jego. Wannan kuka, wancan busasshiyar kuɓewa, ga daddawa, ga kilishi. Kayan sawata sai a leda na ƙulle su.

Jirgi ba abin da zan faɗa a kansa, zama ne kawai da ciwon gwiwa. Inda muka sauka canjin jirgi ne na ga ta kaina. Na hango wani dattijo da babbar riga, na ce wannan namu ne, na bi bayansa har kan matakalar nan mai tafiya da kanta. Sai da muka zauna na yi masa sallama, ashe mutumin Zinder ne, kuma Umara za shi. Shi ya karɓi tikitina ya duba, ya kamo hannuna ya mayar da ni ƙofar da ta dace, yana cewa, "Kanawa, ku ko a lahira sai kun bi mai babbar riga."

A bakin shiga ƙasar kuwa, kare ne ya fara tarbata. Ya zagaya jakata ya zauna, ya ɗaga kai yana kallon ubangidansa. Aka shiga da ni wani ɗaki aka zazzage komai. Kilishi suka ɗauke ba ko gardama. Kanwa ce ta fi tayar musu da hankali, suka sa safar hannu suna jujjuya ta, suna kiran na gaba da su. Na ɓallo kaɗan na lasa don su ga abinci ce, sai duk suka yi tsit suna jiran in faɗi. Daddawa kuwa, jami'in yana kwance ƙullin ya mayar ya ɗaure, ya miƙo mini da hannu biyu, ya nuna mini ƙofa. Da na sani da ita na fara buɗewa.

Sabi'u na jira a waje. Ya rungume ni yana kuka, ya ce Hajara ta sauka, namiji.

Gidansu a bene yake, ɗakuna a jere kamar akurki, ko'ina shiru sai ka ce gidan makoki. Shara ma sai an raba ta gida-gida, ta kwalba daban, ta takarda daban, kuma akwai tsohuwar da aikinta leƙen wanda ya kuskure. Hajara na asibiti, don haka Sabi'u ne mai girki. Da safe burodi mai tauri da cuku mai wari, da rana dankali, da yamma tuwon da ya tuƙa da hannun tuƙin mota. Na ci na gode Allah, ban gode masa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin gaisuwa. Ƙofa na kallon ƙofa akwai wani tsoho mai kare, wanda na sa wa suna Baba Mai Kare don sunansa ya ƙi zama a bakina. Sabi'u ya ce tun da ya tare a gidan tsohon bai taɓa amsa masa gaisuwa ba. Ya ce, "Yaya, rabu da shi. 'Yan jam'iyyar nan ne masu cewa baƙi sun cinye ƙasa, a kore mu. Ka yi hankali da su." Na ce to. Amma ni ban iya wuce maƙwabci kamar bango ba. Kullum muka haɗu a matakala sai in ɗaga hannu in ce masa ina kwana, an tashi lafiya, ya sanyi, ya kare. Da farko ya kau da kai. Daga baya ya fara gyaɗa kai kaɗan, kamar mai ciwon wuya.

Ana cikin shirin suna ke nan. Sabi'u ya kama zauren da baƙin garin ke sallar Juma'a, ya sayi rago a wurin mahauci. Matan ƙungiyarsu ta 'yan Afirka ta Yamma sun raba girki a tsakaninsu. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Isufu mutumin Maraɗi, shi zai ja addu'a. Rabon da in ga Sabi'u yana dariya haka tun yana yaro.

Ranar da abin ya faru ya tafi asibiti ɗauko Hajara, ni kuma zaman ɗaki ya ishe ni, na fita miƙe ƙafa. Sanyi kamar zai cire kunne, kuma kun san hularmu ba ruwanta da kunne. Ina isa dandalin kasuwa sai na ga rumfuna, ga tutoci, ga lasifika, ga jama'a. Kallo ɗaya na san siyasa ce. Maganar Sabi'u ta faɗo mini, amma ni da ya ce masu korar baƙi, 'yan daba na zata da gora da barandami. Waɗannan kuwa tsofaffi ne, da mata masu yanka kek suna zuba shayi. Can sai na hango Baba Mai Kare a bayan tebur yana rabon huluna.

To ku gaya mini, ɗan cikin gari ya ga maƙwabcinsa a taro, zai wuce? Na ƙarasa na yi sallama. Ya daskare. Na miƙa hannu, ya duba hagu ya duba dama, ya miƙo nasa. Idona ya kai kan hulunan: saƙar ulu, ruwan toka da ratsin fari, mai rufe kunne ruf, ga rubutu a goshi da harshensu. Ni a gida babu jam'iyyar da ba ni da hularta. Wadda ta ba ka ka karɓa, gobe wata ta zo ka karɓa, ranar zaɓe kuma kai da Allahnka. Na nuna hular na nuna kunnena. Ya miƙo mini ɗaya. Na cire tawa na sa a aljihu, na kafa tasu. Wata tsohuwa ta ba ni kek. Wallahi rabona da jin daɗi irin na wannan lokacin tun saukata.

Na samu kujera na zauna. Jagoransu yana nan a gefen dandamali, dogo, da kwat mai tsada, sai duba agogo yake yi yana leƙen titi. Jama'a sun cika, lasifika a kunne, amma ya ƙi hawa. Na ce a raina wani babba ake jira, ko gwamna ko sarkin garin. Can sai ga wata farar mota mai faranti a kanta, 'yan talabijin suka fito da kayansu. Nan take wuri ya kaure da ihu, ana yi musu ature da baki, tsohuwar da ta ba ni kek har da daƙuwa irin tasu. Na ce yau za a yi duka. Ina! Jagora ya jira suka kafa na'urarsu tsaf, ya gyara wuyan riga, ya hau. Yana magana yana nuna su da yatsa, jijiyar wuya a tashe, jama'a na amsawa. In mai ɗaukar hoto ya koma hagu, shi ma sai ya juya hagu. Su kuma da ake zagi ko a jikinsu, sai ƙara matsowa suke yi.

Ana haka wata 'yar jarida ta hango ni. Ta zabura ta taɓo mai ɗaukar hoto, suka yo kaina da gudu, ta cusa mini abin magana mai gashi kamar jelar mage. Ta yi tambaya da harshensu, ta sake da Turancin Ingila. Da ɗan wanda na tsinta a kasuwa na ce mata mutanen kirki ne, hula mai kyau, na gode. Na ɗaga wa na'urar hannu don ko Binta za ta gani. Kafin in ankara yaran Jagora sun zagaye ni da wayoyi, wani ya dafa kafaɗata, wani ya danƙa mini tuta.

Na koma gida na tarar Hajara ta dawo. Na karɓi jariri na yi masa huɗuba da sunan mahaifinmu. Muna zaune ana hira, labarun yamma suka fara, sai ga ni cike da allo, hula har gira, kek a hannu.

Sabi'u ya miƙe tsaye. Ya kalli talabijin, ya kalli hular da ke rataye a bayan ƙofa, ya ce, "Yaya! Ka san abin da aka rubuta a goshinta?"

Na ce, "Karatuna na Hausa ne, shi ma ban sauke ba."

Ya ce, "Cewa aka yi kowa ya koma inda ya fito!"

Na ce, "To ai zan koma, tikitina na jaka."

Ba wanda ya yi dariya.

Washegari abin ya zama gobara. A talabijin aka tara masana a kan doguwar kujera suna ta fassara ni. Wata jarida ta ce saye na aka yi, abin da ya fi ɓata mini rai ke nan, don ban da kek ba abin da na gani. Wata ta ce ɗan gudun hijira ne ni. 'Yan jam'iyyar kuma suka baza hotona a wayoyi, wai ga shi ko baƙin ma sun yarda da su, 'yan jarida ne maƙaryata. Sai talabijin ta nuna abin da suka baza, su kuma suka baza abin da talabijin ta nuna. Na ce wa Sabi'u wai ba gaba suke yi ba? Ya ce, "Su 'yan talabijin sun ce Jagora haɗari ne ga ƙasa, amma kullum da shi suke buɗe labarai. Shi ya ce su maƙiyan talakawa ne, amma ba ya buɗe baki sai sun kunna na'ura." Na ce to ai na san irinsu. Attajirin da ke zagin maroƙa ke nan, wanda in ya shiga biki ba a kira sunansa ba sai ya fita ya sake shigowa. Ko sojojin bakanmu na rediyo, da za su yi ta yagar juna, a tashi a hau babur ɗaya.

Amma ba lokacin wasa ba ne. Kafin azahar matan da suka ɗauki girki sun bugo ɗaya bayan ɗaya, wannan ciwon kai, waccan aiki. Aka ce ƙungiya ta yanke ba mai zuwa suna. Na ji Hajara na kuka a ɗaki tana cewa, "Duk shekarun nan ina zuwa sunan 'ya'yan mutane, nawa ne za a yi da kujeru?" Sabi'u ya zauna a kicin ya zuba wa bango ido. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na sa ya kai ni wurin Alhaji Isufu a shagonsa na kayan abinci. Na cire takalmi na durƙusa. Ya bar ni a durƙushe ya sallami masu ciniki, sannan ya ce, "Malam Garba, kai baƙo ne, ana gama suna za ka tafi. Mu a nan muke. Mutanen nan so suke a rufe zauren da muke salla. 'Yata sai da ta daina shiga bas ita kaɗai saboda su. Yanzu duk wanda ya zage mu sai ya ɗaga hotonka." Na ba da haƙuri iyakar iyawata. Ya ce ya yafe, amma ba zai iya jan mutane da igiya ba.

Muna dawowa muka tarar da 'yar jaridar nan a ƙofar bene, tana son hira. Muna hawa sama kuma ga Baba Mai Kare da wani mai kwat, wai Jagora na son a ɗauke su hoto tare da ni. Sabi'u ya ce zai kore su duka. Na riƙe shi. Abin da na gani a dandali ne ya dawo mini, mutum da lasifika a hannu yana leƙen titi.

Na ce wa Sabi'u ya fassara wa mai kwat: a garinmu ba a ganawa da babban mutum a matakala, Jagora ya zo ranar Lahadi wurin suna, 'yan talabijin ma za su zo. Mai kwat ya ce tabbas za su zo? Na ce in sha Allahu. Muka sauka na ce wa 'yar jarida hira sai wurin suna, Jagora ma zai zo. Idonta ya yi wal. Ta ce tabbas? Na ce in sha Allahu. Sabi'u ya ce, "Yaya, wannan ba ƙarya ba ce?" Na ce ai ban ce kome ba sai da na haɗa da Allah.

Daga nan na koma wa Alhaji Isufu. Na ce, "Alhaji, na zo in sanar da kai ne kawai. Talabijin za su zo, Jagora zai zo. In suka tarar da zaure wayam, ƙasa duka za ta ga ba mu da kowa. Kuma ban san wanda zai ba shi amsa ba, tunda shugaba ba ya nan."

Ya shafa gemu. Ya ce, "Wace talabijin? Babbar?"

Na ce, "Mai faranti a kan mota."

Sannan ya ciro hularsa ya jujjuya ta, ya ce, "An ce wankin hula kake yi a Kano?"

Kafin la'asar huluna sun taru a gidan Sabi'u kamar jajiberin salla. Na wanke su a bahon wanka, na sa sitaci, na kifa su a kan tukwanen Hajara da bokitai, na jera a jikin ƙarfen ɗumama ɗaki. Masu ciwon kai duk suka warke, aka ɗora tukwane a gidaje.

Ranar suna zaure ya cika har waje. Manyan riguna da ba su ga rana ba tun da aka zo da su duk sun fito. Aka yi addu'a, na miƙe na faɗi sunan yaro, Muhammadu Inuwa. Aka shafa fatiha. Sabi'u ya sunkuyar da kai yana share ido da hannun riga, daga ɓangaren mata guɗa ta tashi.

Manyan baƙina kuwa shiru. Na leƙa waje, sai ga baƙar motar Jagora a wannan kusurwar titi, ga farar mota mai faranti a waccan. Shi ba zai fito ba sai sun kafa na'ura, su ba za su kafa ba sai ya fito. Da ban fita ba da har yanzu suna can. Na tsaya a tsakiyar titi na yafuto wannan na yafuto wancan, kamar ɗan kamasho a tasha.

Jagora bai shiga ba. Mai kwat ya ce in sa hular a yi hoto, na ce na wanke ta ba ta bushe ba, kuma gaskiya ne. Da Jagora ya ga haka sai ya fuskanci na'ura, ya zazzaga wa 'yan jarida zagi, suka kwashe tas suna murna, ya shiga mota ya tafi. Alhaji Isufu ya gyara riga ya yi musu dogon jawabi, har da tarihin Maraɗi. Ni da aka zo hira da ni, mantawa aka yi da ni.

Baba Mai Kare ne kaɗai bai bi su ba. Ya ɗaure karensa a jikin fitilar titi, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon tarin takalma. Ya sunkuya ya cire nasa. Aka ba shi shinkafa da naman suna, yajin Binta ya sa shi hawaye, bai fasa ci ba. Sabi'u ya kawo masa jariri ya riƙe, ya daɗe yana kallonsa. Ban ce ya bar jam'iyyarsa ba, don washegari na gan shi da hularsa. Amma Sabi'u ya ce yanzu yana amsa gaisuwa, wani lokaci ma shi yake farawa.

A labarun yamma an nuna Jagora yana zagi daga farko har ƙarshe. Ba a ambaci suna ba, balle sunan yaro. Daga jawabin Alhaji Isufu kunnensa kawai aka nuna da rabin hula. Ya bugo waya yana murna, ya ce hular ta fito da kyau.

Ga labarin nan. Hular tana nan a rataye a wurin wanki, mai son gani ya zo da nasa wankin. Kwanan baya 'yan siyasa suka shigo unguwa ta wajen Sheshe suna rabon huluna, aka miƙo mini ɗaya. Na juya goshinta na karanta a hankali, baƙi bayan baƙi. Na ce wa mai rabon, "Ku wa za ku kora?" Ya ce, "Baba, in ba ka so ka ba wani." Rana ake yi mai zafi. Na duba gabas na duba yamma, babu mai ɗaukar hoto, sannan na kafa.